Wayar da Ta Shiga Zabirar Isyaku Wanzami

A gindin Goron Dutse, in ka bi lungun da ya zagaya ta bayan masallacin unguwa, akwai wani soro mai tsohuwar ƙofar katako wanda kowa ke kira soron wanzamai. A gidan aka haifi Isyaku, a nan kuma ya tsufa. Kakansa wanzami ne, mahaifinsa ma haka, shi kuma ya tashi ya tarar da aska da ƙaho da zabira suna jiransa. Ya yi karatun allo har ya sauke, yana rubuta ajami mai kyau, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Mutum ne dogo, siriri, mai sanyin hannu. Ba shi da yawan magana, abin da ba a cika samu wajen wanzamai ba, har wasu kan ce in yana yi maka aski sai barci ya ɗauke ka.

Aikin wanzami a cikin birni ba aski kaɗai ba ne. In aka yi haihuwa, bayan ungozoma shi ake fara aika wa. Ranar kwana uku ya zo ya duba jariri, ya cire masa belu, wato ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Ranar suna ya dawo ya yi masa askin fari. In yaro ya isa kaciya, shi ne dai. Don haka gidajen da aka rubuta ba shiga a ƙofarsu, waɗanda ko ɗan'uwan maigida sai ya yi sallama ya jira, Isyaku yana shigarsu har ɗakin mai jego. Daga Goron Dutse zuwa Dukawuya, har ƙasa wajen Jakara, da wuya ka sami lungun da bai san jariransa ba.

Matarsa Hasana 'yar Dukawuya ce, mace mai fara'a da son tsokana. Ɗansu na fari Mikail ne. Yana cikin koyon magana, a zamanin mulkin soja, ƙyanda ta shigo unguwa ta bi gida gida. Mikail ya kwanta da zazzaɓi, ƙuraje suka feso, tari ya biyo baya. Aka yi jiƙe-jiƙe da turare da duk abin da aka sani, amma Allah ya karɓi abinsa. Isyaku da kansa ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta. Bai yi kuka a gaban mutane ba, washegari ma ya rataya zabira ya tafi askin suna a wani gida, domin an riga an sa rana. Sai dai daga lokacin, duk jaririn da ya ɗora wa aska sai ya daɗe yana kallon fuskarsa. Bayan Mikail sun sami 'ya mace, Bahijja, sannan ƙaninta Abdulbaƙi, su kuma Allah ya raya su.

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, Isyaku ya riga ya fara furfura. Abubuwa suka shiga sauyawa a idonsa. Gidajen rediyo suka ƙaru, kowa ya sami bakin magana, ba a daɗe ba wayar salula ta shigo gari. Shi ya ce ba ya bukata, duk mai nemansa ya san soron wanzamai. Bahijja, wadda a lokacin ta yi aure a Jakara tana ɗinki a gida, ita ta matsa ta saya masa wata ƙarama mai maɓallai. Ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin zabira, sau da yawa sai ta gama ƙara kafin ya kwance ta.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ɗigon rigakafin shan inna. Gidaje da yawa suka rufe ƙofa ga masu yawo da akwatin magani. Magidanta kan tambayi Isyaku ra'ayinsa yana tsaka da yi musu aski, shi kuma ya ce bai sani ba, kuma gaskiyarsa ke nan. Abin da ya sani shi ne yaran da ya yi wa askin suna da hannunsa, ya kuma zo yana ganinsu suna jan jiki a ƙofar gida. Abin yana cinsa a rai, amma bai san wanda zai kai wa ba. Tsakaninsa da mutanen asibiti babu jituwa, don duk sanda ya ji su a rediyo laifin wanzamai suke gani.

Shi ya sa ranar da mai unguwa ya aiko cewa ana neman wanzamai da ungozomomi a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, Isyaku ya tafi ne da shirin shan faɗa. Wadda ta tarbe su wata ma'aikaciyar lafiya ce mai suna Malama Aminat, gajeriya, mai tabarau, sa'ar Bahijja ko ta ɗan girme ta. Ta shimfiɗa musu tabarmi a inuwar darbejiya, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya musu kakarta ungozoma ce, a hannunta aka haife ta. Sannan ta faɗi damuwarta: yawancin matan unguwa a gida suke haihuwa, ita kuma ba ta jin labarin jariri sai ranar da aka kawo shi rai a hannun Allah, ba a taɓa yi masa ko allura ɗaya ba. Ta ce wata ƙungiya mai aikin lafiyar yara ta haɗa hannu da hukuma, an kawo wayoyi, ana son duk wanda ya fara shiga ɗakin mai jego ya riƙa sanar da asibiti.

Ba ta ɓoye musu maganar belu ba. Ta ce ta sha karɓar jarirai jini yana zuba daga maƙogwaronsu, wasu kuma wurin ya rure, ta roƙe su su bar shi. Nan wurin ya ɗan yamutse. Ashafa, wani wanzami abokin tasowar Isyaku, ya miƙe ya ajiye wayar da aka ba shi a kan tabarma, ya ce ba zai sayar da gadon ubansa ba, ya sa takalmi ya fita. Isyaku kuwa ya karɓi tasa, ba don ya gamsu ba, sai don yarinyar ta yi musu ladabi kuma ba ta yi musu ƙarya ba.

Wayar irin mai shafawa ce, babu maɓalli. An shirya ta don wanda bai yi boko ba, komai da hoto. Akwai hoton jariri, in ya taɓa shi sai ya yi magana da Hausa ya faɗi sunan maigida da ranar haihuwa, wayar da kanta ta riƙe inda gidan yake, yadda ma'aikata za su same shi ko da lungun ba shi da suna. Akwai kuma wani jan hoto na gaggawa. Koyon ya ba shi wuya. Babban yatsansa ya yi kanta saboda wasa aska, sai ya yi ta shafa gilashin yana ƙin motsi. Bahijja ta riƙa zuwa da la'asar tana zama da shi a tsakar gida, Hasana tana gefe tana tankaɗe tana yi masa dariya. Wata rana garin gwaji ya ɗauki hoton tukunyar Hasana ya tura wa Malama Aminat bai sani ba. Can sai ga muryarta ta shigo, tana cewa ta ga saƙo, a gaya wa Mama miyar kukar nan ta yi kyau, a ajiye mata nata. Hasana ta yi dariya har da hawaye, da magariba kuwa ta zuba tuwo a kwano ta aika mata.

Da hannunsa ya faɗa, sai aikin ya zama masa jiki. Amma bai taɓa sanar da haihuwa ba sai ya tsaya da maigida a soro ya nemi izininsa. Wasu su yarda nan take, wasu su ce a'a, shi kuma ba ya ja. Ranar suna, bayan an ci an sha rai ya yi sanyi, sai ya sake tayar da maganar a hankali. Gidan da aka yarda, kafin suna ma'aikata sun zo sun yi wa jariri allurarsa ta farko. Daga nan duk sanda lokacin wata allurar ya matso, sai wayar maigidan ta yi ƙara, wata murya ta yi masa sallama da Hausa ta tuna masa. Mutum yana tsugune a rumfarsa a Kasuwar Kurmi sai ka ga ya kara waya a kunne yana gyaɗa kai, ya ce asibiti ne ke gaishe da jariri.

Belu kuwa a hankali ya bar shi, bai yi shela ba. Sai ya buɗe bakin jariri ya duba, ya ce lafiya lau yake, ya yi masa addu'a ya mayar. Tsofaffin mata ba su ji daɗi ba. Aka fara ce masa wanzamin waya. Wasu gidajen da mahaifinsa ya yi wa aiki tun kafin a haife shi suka koma kiran Ashafa. Wannan ya yi masa zafi fiye da yadda ya nuna. Akwai ranar da ya wuce ta ƙofar ɗaya daga cikinsu ya ji ana buɗar suna, ba a aiko masa ba, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Ana cikin haka ne wata safiya da damina aka aiko masa daga Jakara. Wani ɗan dako ne a Kurmi mai suna Ɗahiru, baƙo daga wani ƙauye a arewacin Kano, yana haya a ɗaki ɗaya da matarsa Zinariya. Haihuwarta ta fari ce, ta sami ɗa namiji, ranar ce kwana uku. Mahaifiyar Ɗahiru, Indo, ta zo daga ƙauye don ta yi mata wankan jego. Ita ta tarbi Isyaku da jaririn a hannu, ta ce yaron ya ƙi kama nono tun jiya, sai barci, belu ne ya tare masa wuya, a cire shi ya huta.

Ɗakin da duhu, don haka Isyaku ya ce a fito da shi tsakar gida. Da ya buɗe zanen a haske sai gabansa ya faɗi. Farin idon yaron ya koma kamar gwaiduwar ƙwai, jikinsa duk ya yi ɗorawa har tafin ƙafa. Ya taɓa shi, da ƙyar ya motsa, kukan da ya yi kuma siriri ne mai kaifi. Cutar shawara ce, ya sha ganinta. Ya san waɗanda ta saki da kanta, ya kuma san waɗanda ta tafi da su, da waɗanda suka rayu amma ba sa ji, ko wuyansu bai taɓa tsayawa ba. Ya ciro waya ya ɗauki hoton idon da na ƙafar, ya taɓa jan hoton nan.

Bai mayar da wayar cikin zabira ba Malama Aminat ta kira. Ta tambaye shi ko yaron yana shan nono, da yadda kukansa yake. Da ta ji amsa sai ta ce kada a tsaya kawo shi wurinta, a wuce da shi babban asibiti yanzu, za ta kira ɗakin jarirai ta sanar da su, ita ma za ta same su a can.

Indo ta ce sam. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, balle jaririn da ko suna bai samu ba a kai shi hannun baƙi. Ta ce ta haifi 'ya'ya ta raine su, ta san saiwar da ake jiƙawa, a sa shi a ranar hantsi ya warware. Ta ce wanzami ta aika a kira, ba ma'aikacin gwamnati ba. Isyaku ya bar ta ta gama, sannan ya buɗe zabira ya ciro wani ƙulli ya nuna mata.

"Iya, ga saiwar da kike faɗa, ni ma ina yawo da ita," in ji shi. "Da na ga za ta isa, da ban kira kowa ba. Wannan ta fi ƙarfina, kuma ba zan ɗora aska a wuyan yaron nan ba."

Ya kira Ɗahiru a waya. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo yana haki, gammonsa a hannu. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi wanzami. Bai taɓa musa wa Indo ba tunda yake. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya dafe kai. Zinariya, wadda tun ɗazu take zaune a bakin gado, ita ce ta miƙe da ƙyar, ta jawo hijabinta ta sa, ta fito ta durƙusa a gaban surukarta.

"Inna, ki yi haƙuri ki yafe mini," ta ce. "Zan kai shi. Ki zo mu tafi tare, ke za ki riƙe shi."

Indo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙe, ta ɗauki mayafinta da kwanon kunun mai jego, ta rungume jaririn ta yi gaba. A daidaita sahu ba ya shiga lungun, sai da suka taka har bakin titi, Isyaku yana gaba yana nuna musu inda za su kauce wa taɓo, Ɗahiru yana riƙe da matarsa.

A asibiti suka tarar ana jiransu. Aka ɗebi jinin yaron, aka rufe masa ido da ɗan ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Likita ya gaya wa Ɗahiru sun zo a kan gaɓa, da an ƙara jinkiri da abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Malama Aminat ta iso ta zauna da Zinariya tana koya mata yadda za ta tatsi nono a ba shi. Indo kuwa ta sami kujera kusa da fitilar ta kafa ido, ko masu jinya suka ce ta je ta huta ba ta tashi.

Ranar suna ta zo yaron yana asibiti, aka raɗa suna a masallaci ba tare da shi ba. Ɗahiru ya so ya sa masa Isyaku. Isyaku ya hana, ya ce ai ya ji tun da fari Ɗahiru sunan mahaifinsa ya yi niyyar sa wa yaron, kada ya sauya saboda ruɗewa. Aka sa wa yaro Mamman. Da aka sallame su, idonsa ya washe yana tsotson nono da ƙarfi, Isyaku ya je Jakara ya yi masa askin da ya makara. Indo ce ta riƙe masa kan. Ba ta tayar da maganar ranar nan ba, shi ma bai tayar ba. Da ya gama ta miƙo masa ƙullin daddawa da garin kuka na ƙauyensu, sannan ta ce ya nuna mata hoton da ya ɗauka. Ta daɗe tana kallon idon nan mai launin ɗorawa, tana kallon jikanta a cinyarta. Daga nan ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce ya ɗauke su hoto tare. Bayan Indo ta koma ƙauye, Zinariya ta sha ganin baƙin mata daga ƙauyen sun sauka a ɗakinta da jarirai marasa lafiya, su ce Indo ce ta turo su, a kai su wurin wanzami mai waya.

Labari ya bazu cikin 'yan dakon Kurmi. In Isyaku ya ratsa kasuwa sai su tare shi, wannan ya ce matarsa ta kusa, wancan ya ce a sa lambarsa. Wasu daga gidajen da suka juya masa baya suka dawo, wasu ba su dawo ba har yau. Ashafa bai taɓa karɓar waya ba, amma akwai ranar da ya zo soron wanzamai da kansa, ya tsaya daga waje ya ce akwai wata jaririya a Dukawuya da numfashinta bai yi masa ba, Isyaku ya je ya duba ta da abin nasa. Ba kuma duk wanda aka kai ba ne ya tashi. Akwai tagwayen da ya sanar da su a kan lokaci, aka yi duk abin da za a yi, ɗaya ya rasu. Malama Aminat ta bi shi har gidan suka yi ta'aziyya tare.

Bayan wasu shekaru aka yi wa Malama Aminat canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa. Lokacin idon Isyaku ya fara rauni, aska ta koma hannun Abdulbaƙi, wanda shi ma ya zama magidanci, sai dai wayar tana wurin tsohon. Da Isyaku ya shirya zuwa yi mata ban kwana, Hasana ta soya dubulan ta cika kwano, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Suka same ta tana haɗa kayanta a ofis. Isyaku ya shirya maganganu da yawa a hanya, amma da ya zauna sai suka ɓace masa. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Malama," ya ce, "na yi shekaru ina shiga ɗakunan mutane ina ganin abin da ya fi ƙarfina, in fito in yi shiru. Ke kika ba ni wanda zan kira. Allah ya saka miki, ya raya naki."

Ta cire tabarau ta goge ido, ta ce ita ce da godiya, Baba. Ta haɗa shi da wadda za ta gaje ta, ta sa lambarta a wayarsa da hannunta.

Yanzu Isyaku ba ya nisa da gida. Abdulbaƙi ke zagaya unguwanni, in ya dawo ya zauna kusa da mahaifinsa ya faɗa masa gidajen da aka haihu, tsohon ya kawo wayar dab da bakinsa ya sanar da asibiti, don ya ce muryarsa suka saba ji. In ya idar da sallar asuba yakan daɗe a kan buzu yana ambaton mutane a addu'a. Bayan iyayensa da malaminsa na allo yakan sa Malama Aminat, sannan ya sa wasu da bai san sunansu ba, bai ma san garinsu ba, waɗanda suka zauna suka zana hotunan nan na cikin waya yadda tsoho irinsa zai gane.